Daga kwalba zuwa ganga: neman shawarar masu dafa giya a gida

Ɗan Kafanchan:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana, da fatan kowa yana lafiya da iyali. Shekara guda ke nan da na fara dafa giya a gida a nan Minnesota, kuma zuwa yau na yi dahuwa biyar, kowace ta galan 5, wato kusan lita 19. Dahuwar kanta ba ta gajiyar da ni, ranar ɗura kwalabe ce ta ishe ni. Galan 5 yana cika kwalba 53 ko kusa da haka, kuma kowace sai na jiƙa ta, na ɓare takardar jikinta, na goge cikinta da burushi, na ɗura, na buga marfi, sannan na jira mako biyu ko uku kafin sukarin da na ƙara ya ba ta iska. A dahuwar baya ban dama sukarin yadda ya kamata ba, sai wasu kwalaben suka fito lami kamar shayin da ya kwana, wasu kuma da an buɗe sai su yi tsiri, har ɗaya ta fashe da tsakar dare a ɗakin ajiya. Da safe uwargida tana tsintar gilasai ta gaya mini cewa ko dai in sake dabara, ko in koma sayen ta kanti.

Don haka nake so in koma zuba giyar a ganga, amma na duba kasuwa kaina ya ɗaure. Me ya wajaba in saya tun farko, me kuma zai iya jira? Tsohuwar ganga ta fi ko sabuwa? Sannan ina da tsohon firiji a gareji, shin zai wadatar?

Baba Injiniya:

Ɗana, barka da zuwa wannan mataki, kusan dukanmu kwalba ce ta koro mu. Abin da ya wajaba bai wuce biyar ba: ganga, tukunyar gas ta CO2, wato iskar da ke sa giya kumfa, regileta mai daidaita matsin gas ɗin, tiyo biyu da kawunansu, da wurin sanyi. Famfo mai ƙyalli da ake kafawa a ƙofar firiji zai iya jira, ƙaramin famfon roba da ake maƙalawa a bakin tiyo ya ishe ka shekarar farko.

Gangar da yawancinmu muke amfani da ita ita ce ta Cornelius, wadda Amurkawa suke kira Corny. Asalinta ba ta giya ba ce, ta kamfanonin lemo ce, da ita suke kai kayansu gidajen abinci kafin su koma zubawa a leda cikin kwali, daga nan ne tsofaffin gangunan suka faɗo hannun masu dafa giya a gida. Tana cin galan 5 daidai da dahuwarka, kuma bakinta yana da faɗin da hannu zai shiga ya wanke ciki. Iri biyu ce. Wadda Pepsi ya yi amfani da ita kawunanta da 'yan ƙwallaye suke kamawa, ita ce doguwa siririya, tsayinta kusan inci 25. Ta Coca-Cola kuwa da 'yan ƙusoshi take kamawa, biyu a bakin gas, uku a bakin giya, kuma ta fi gajarta da kauri. Kan wannan ba ya shiga bakin waccan, saboda haka ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa. Kafin ka biya ko sisi, ka cire katakan firijinka ka auna tsayi da faɗi, domin ma'aunin nan ne zai zaɓa maka.

Ni tsohuwa nake saya. Ƙarfenta ba ya tsatsa, ƴar lotsawa a jiki ba ta hana ta aiki, abin da ke tsufa kawai zoben roba ne, kuma guda biyar ne: babba na marfi, biyu na bakuna, biyu na bututan ciki. Ka canza su duka ranar da ka kawo ta gida, ko da mai sayarwa ya rantse sababbi ne, domin roba tana riƙe warin lemo, kuma babu abin takaici kamar giyar da ka yi wa hidimar wata guda ta fito tana ƙanshin lemon da aka sha shekaru ashirin da suka wuce.

Ɗan Bukuru:

Baba, ina gaisuwa, amma a kan tsohuwar ganga ina da ja. A zamanin da kuka fara, ana samun su kusan kyauta, yanzu kuwa sun yi ƙaranci, kuma idan mutum ya haɗa kuɗinta da na zobba da na bawul ɗin da ke cikin bakuna, tazarar da ke tsakaninta da sabuwa ba ta taka kara ta karya ba. Na taɓa sayen tsofaffi biyu a wajen wani a nan Texas, ɗaya bakin marfinta ya ɗan lanƙwashe ta yadda ido ba ya gani, na yi wata biyu ina zargin regileta kafin na gano ta. Mai koyo bai san yadda lafiyayyiyar ganga take ba, to ta yaya zai gane mai ciwo? Shawarata ga ɗan'uwa ita ce ta farko ya sayi sabuwa, idan hannunsa ya faɗa sai ya shiga kasuwar gwanjo. In kuma ya nace sai tsohuwa, to ya ja zoben bawul ɗin marfi, wato mai sakin matsi, a gaban mai sayarwa, in bai ji iska ta fita ba ya bar masa kayarsa, domin mai gaskiya da matsi a ciki yake ajiye ganga.

Baba Injiniya:

Gwajin jan zoben nan gaskiya ne, na amince da shi. Sauran kuwa aljihun mai saye ne zai yanke hukunci.

Bari in yi magana kan abin da ya fi gangar muhimmanci, wanda kuma a nan ne sababbi suke faɗuwa. Giya tana shan iskar CO2 gwargwadon sanyinta da kuma matsin da ke kanta. Idan firiji yana kan digiri 3 a ma'aunin Salshiyas, wato 38 a na Amurkawa, ka sa regileta tsakanin 10 zuwa 12 a ma'aunin matsi na psi, giyar za ta sha iskar da ta kai ninki biyu da rabi na girmanta, kuma yawancin giya haka ake sonta. Sai ka rufe firiji ka manta da ita mako ɗaya zuwa biyu. A wannan zaman ba iska kaɗai take sha ba, yis ɗin da ya tsimar da ita da sauran gari suna kwantawa a ƙasa, ɗanɗanonta yana daidaita. Kofin farko zai fito da laka, domin bututun giya daga gindin ganga yake zuƙa, ka zubar da shi, na biyu zai fito garau.

Ɗan Bukuru:

To a nan ma sai Baba ya yi haƙuri da ni. Mutumin da ya gudu daga jiran mako biyu na kwalba, a ce masa ya sake jiran mako biyu a ganga, me ya ci riba? Ni idan na ɗura giyar ta yi sanyi, ina ɗaga regileta zuwa psi 30 na tsawon awa 24, sannan in rufe gas, in saki matsin ta bawul ɗin marfi, in mayar da shi 12. Cikin kwana uku ko huɗu ana sha. Gangar an yi ta ne ta ɗauki har psi 130, saboda haka 30 ba abin tsoro ba ne.

Baba Injiniya:

Ban ce gangar za ta fashe ba, ɗana, cewa na yi giyar za ta ɓaci. Dabararka tana aiki ga wanda ba ya mantuwa. Wanda ya sa 30 ranar Juma'a da dare, aiki ya ɗauke masa hankali, bai tuna ba sai Litinin, zai tarar da ganga cike da kumfa, kuma fitar da iskar da ta yi yawa ya fi saka ta wuya, sai ya kwana biyu yana jan bawul yana jira. Sauri ya haifi nawa ke nan. Masu kwantar da ganga a ƙasa suna mirgina ta da ƙafa da gas a haɗe kuwa, su ma suna samun iska cikin minti kaɗan, amma babu wanda zai iya gaya maka nawa ta sha, kuma idan babu bawul mai hana komawa baya a layin gas, giya tana iya hawa tiyo ta shiga regileta ta lalata shi. Ribar ganga a wurina ita ce wanke abu ɗaya maimakon 53, da kuma samun iska iri ɗaya daga kofin farko har na ƙarshe. Ya yi ta farko a hankali ya san yadda daidai take, daga baya ya gwada taka.

Maman Tagwaye:

Ina gaishe da Baba da sauran 'yan'uwa daga Manchester. Maigidana ne mai wannan sana'a, amma ni ce mai wanke-wanke, don haka ina da ta cewa. Kada ƙanena ya ɗauka wanki ya ƙare don ya bar kwalba. Duk lokacin da ganga ta ƙare, sai an kwance bakunan biyu da sufana, a zaro bututan, a jiƙa komai a ruwan ɗumi da garin wanki na PBW, a tura siririn burushi cikin dogon bututun, a ɗauraye, sannan a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta na Star San, wanda shi ba a ɗauraye shi. Ka ajiye kayan bakin gas daban da na bakin giya, domin a irin ta Pepsi sun yi kama amma ba ɗaya ba ne, na gas yana da ƴan tsage-tsage a gindinsa. Kan gas fari-fari ne ko ruwan toka, na giya baƙi, kuma idan ka danna ɗaya a gurbin ɗaya da ƙarfi zai shiga, amma cire shi sai da gumi. Kuma don Allah kada bilic ya kusanci gangar, yana cin irin wannan ƙarfe ya bar masa ƙananan ramuka.

Abu na biyu shi ne tukunyar gas. Gas ɗin da ke cikinta an matse shi ya zama ruwa, saboda haka a tsaye take zama, kuma a ɗaure, kada yaro ya ture ta. Iskar ba ta da wari kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasa. Masu amfani da firiza mai buɗewa ta sama sun san wannan: maigidana ya taɓa zura kai ciki zai ɗauko wani abu alhali akwai yoyo, ya ɗago yana tari hancinsa yana zafi. Gareji ya fi ƙaramin ɗaki marar taga.

Na uku kuma a matsayin yayarka nake faɗa. Kwalba tana ƙirga kanta, da safe za ka ga guda nawa ne babu komai a ciki. Famfo ba ya ƙirga wa kowa. A gidanmu akwai makulli a kan famfon saboda yara, kuma na lura yana yi wa manya ma amfani.

Ɗan Kafanchan:

Na gode ƙwarai, Yaya, kuma saƙo na uku ya iso inda aka aike shi. Na auna firijin, doguwar ganga tana shiga idan na cire katakai duka. Tambaya ɗaya ta ƙara zo mini: tun da ina samun dawa a wani kantin 'yan Afirka, shin zan iya dafa burukutu in zuba shi a ganga ya daɗe? Rabona da shi tun ina gida.

Maman Tagwaye:

Mahaifiyata ta dafa burukutu shekaru masu yawa a wajen Pankshin, kuma da ta ji wannan tambaya da ta yi dariya. Burukutu abu ne mai rai, ana shan sa yana kan tsimuwa, yana ƙananan tafasa a cikin ƙwarya, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu tsaminsa ya wuce misali. Ga shi da kauri, garin dawa yana yawo a ciki, zai toshe bututun da bawul ɗin tun kofin farko. Idan kuma ka tace shi ya yi garau, ka sanyaya shi har yis ɗin ya kwanta, ka cusa masa iskar tukunya, to ka yi wata giyar dawa, wataƙila ma mai daɗi, amma ba abin da kake kewa ba ne. Ka dafa kaɗan, ka kira mutane, a shanye a ranar, ka bar wa gangar giyar sha'ir.

Malamin Zobo:

Assalamu alaikum. Ni dai kowa ya sani ba na shan giya, amma ina da ganguna biyu irin waɗannan da nake zuba zobo da lemon citta, kuma tun da asali na lemo ne, sai in ce na mayar da su gidansu. Na shigo ne don batun tiyo, wanda ban ga an taɓa shi ba. Matsin da ke cikin ganga dole ne ya ƙare a hanya kafin abin sha ya iso kofi, kuma tsawon tiyo da ƙanƙantar raminsa ne suke cinye shi. Zobona yana son iska fiye da giya, ina ajiye shi a psi 30, kuma sai da na sa tiyo mai ramin inci 3/16 mai tsawon ƙafa 25 kafin ya daina fita kamar famfon kashe gobara. Ga mai psi 12 kuwa, ƙafa 10 na wannan tiyon ne na ji masu giya suna yabawa. Yawancin kayan da ake sayarwa a haɗe da ƙafa 5 suke zuwa, ka sayi dogo tun yanzu, domin ragewa da almakashi ake yi, ƙari kuwa sai an koma kanti.

Ga wanda zai bi sahuna da zobo: a tace shi sau biyu da ƙyalle, kuma kada ya bar firiji, domin ruwa mai sukari idan ya ji ɗumi tsimuwa yake yi, sai mutum ya wayi gari da abin da bai yi niyya ba.

Ɗan Kafanchan:

Iyayena, na dawo da labari, kuma ba mai daɗi ba ne. Na bi shawarar Ɗan Bukuru na sayi sabuwar ganga, na sayi tukunyar gas mai laba 5 aka cika mini a shagon masu walda, na ɗura giyar ranar Asabar, na sa psi 12 kamar yadda Baba ya ce. Ranar Talata na buɗe firiji na tarar allurai biyun regileta duk sun kwanta a sifili, tukunyar kuma ta yi sakayau a hannu. Abin da ya ruɗe ni shi ne, tun daren Asabar na ga allurar agogon da ke nuna matsin tukunya ta sauko daga wajen 800 zuwa wajen 500, amma na ce bari in gani. Na sake cikawa, yanzu kuma giyar da nake tsiyayowa kashi uku cikin huɗu kumfa ce. Na furta cewa ban sayi dogon tiyon ba, na ce bari in fara gwada wanda ya zo da kayan.

Baba Injiniya:

Sannu, ɗana, babu wanda bai yi asarar tukunya ɗaya ba a cikinmu. Abu biyu ne suka haɗu suka ruɗe ka. Saukowar allura daga 800 zuwa 500 ba yoyo ba ne, sanyi ne, domin ka sa tukunyar a cikin firiji. Wannan agogon ba ya nuna yawan gas, matsin tururin da ke saman ruwan yake nunawa, kuma muddin akwai sauran ruwa a ciki ba zai motsa ba sai zafi ko sanyi ya canza. Ranar da ya fara faɗuwa da gaske, gas ya kusa ƙarewa. Idan kana son sanin abin da ya rage, ka ɗora ta a sikeli: a kafaɗarta an buga TW da wata lamba, nauyinta ke nan babu komai a ciki, abin da ya haura shi ne gas ɗinka. A wurin ne kuma aka buga ranar gwajinta, domin a nan Amurka duk shekara 5 ake sake gwada ta, in ta wuce ba za a cika maka ba.

Yoyon kuwa gaskiya ne, kuma laba 5 da ya kamata ta kai ka ganguna da dama ba ta ƙarewa a kwana uku sai da dalili. Ka fara da mahaɗar regileta da tukunya, akwai ɗan faifan roba mai tauri da ke zama a tsakani, sau da yawa yana zuwa a ɗaure a jikin regileta mutum ya jefar da shi tare da leda. Sannan ka zuba ruwan sabulu ko Star San a kwalbar feshi, ka fesa a kowace mahaɗa, da kewayen marfi, da gindin bakuna, ka tsaya ka zuba ido minti guda, inda ƙwai-ƙwai suke tasowa suna girma nan ne ɓarawon. Marfin kansa matsin ciki ne yake manne shi, don haka idan ka rufe ka fara ba shi psi 30 na ɗan lokaci ya zauna, ka shafa wa zoben man da aka yi don kayan abinci, sannan ka sauko 12. Gwajin ƙarshe: ka buɗe tukunya, ka cire kan gas daga ganga, ka rufe tukunyar, ka dawo da safe. In allura ta sauka, yoyon yana tsakanin regileta da tiyo, in ba ta sauka ba, gangar ce.

Ɗan Bukuru:

Kumfar kuwa Malam ya riga ya gaya maka maganinta kafin ciwon ya zo. Amma kada ka yi kuskuren da na yi na rage regileta zuwa psi 5 don giyar ta fito a hankali, domin iskar da ta sha a 12 za ta riƙa fita daga jikinta a cikin tiyo, ka ga gurabe-guraben iska a layin, kumfar ta ƙaru, bayan mako guda kuma giyar ta yi lami. Ka bar shi a 12, ka sa ƙafa 10, ka naɗe tiyon a saman gangar cikin firiji don ya yi sanyi ɗaya da giyar. Kuma idan za ka tsiyaya ka danne famfon gaba ɗaya, rabin buɗewa kumfa yake haifarwa.

Tun da za ka sake ɗurawa nan gaba, ka koyi korar iskar oksijin, ita ce take sa giya ta yi duhu ta yi ɗanɗanon kwali. Ka cika gangar da Star San har baki, ka rufe, ka tura shi waje da gas ta bakin giya, sai ya zama babu komai a ciki sai CO2, sannan ka shigar da giyar ta wannan bakin ba tare da ka buɗe marfi ba, kana ɗan jan bawul don iska ta ba ta wuri.

Ɗan Kafanchan:

Baba ya canka. Faifan yana nan a cikin kwalin da regileta ya zo, a maƙale da ƴar igiya, ban ma san amfaninsa ba. Na sa shi, na ɗaure da sufana, na fesa ko'ina ban ga ƙwai ko ɗaya ba, kuma allurar ta kwana inda na bar ta. Tiyo mai ƙafa 10 ya iso jiya, yau da yamma na tsiyaya kofi ya cika cikin kamar daƙiƙa goma da kumfa yatsa biyu a sama. Abokan aikina sun ji labari, har wani ya ce in kawo gangar bikin ƙaninsa zai biya ni kuɗin kayan haɗi. Shin akwai matsala a wannan?

Baba Injiniya:

Akwai. Dokar da Shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ta ba babban mutum damar dafa galan 100 a shekara, ko 200 idan manya biyu ne ko fiye a gidan, amma don sha ne, ba don sayarwa ba, kuma kuɗin kayan haɗi ma kuɗi ne. Fitar da ita daga gida kuwa kowace jiha da nata ƙa'idar, ka duba ta Minnesota kafin ka ɗora ganga a mota. In ta halatta ka kai kyauta, ka sani girgizar hanya za ta tayar da lakar da ta kwanta, saboda haka ka tura giyar zuwa wata gangar mai tsabta tukuna, ta tiyo mai baƙin kai a kowane gefe, ka bar lakar a gida. Wannan yana nufin kana bukatar ganga ta biyu, kuma ina da tsofaffi uku a ɗakin ƙasa da ba na amfani da su, in Ɗan Bukuru ya yarda hannunka ya faɗa.